NAZARI: Wace gaskiya wasannin gwada mulki na kwamfuta ke koya wa matasa?

A shekarar 1990, ana shirin zaɓen magajin garin Providence a jihar Rhode Island ta Amurka, jaridar Providence Journal ta gayyaci 'yan takara biyar zuwa wata gasa da ba a saba gani ba. Ta nemi kowannensu ya tafiyar da birni mai kama da nasu a cikin SimCity, wasan kwamfutar da ya fito shekara guda kafin nan. Wanda ya fi kowa iya wasan shi ne tsohon magajin garin, Buddy Cianci, kuma shi ya lashe zaɓen gaskiya a ƙarshen shekarar. Wata 'yar takara, Victoria Lederberg, ta ɗora alhakin faɗuwarta a zaɓen fid da gwani a kan yadda jaridar ta bayyana gazawarta a wasan.

A 2002 wata kotun tarayya ta samu Cianci da laifin haɗa baki wajen almundahana a mulkin birnin, ta yanke masa ɗaurin shekara biyar da wata huɗu. SimCity ya auna iya shimfiɗa tituna, da daidaita haraji, da kafa ofishin 'yan sanda inda ya dace. Abin da ya kai gwaninsa kurkuku kuwa ba shi da gurbi a lissafin da aka gina wasan a kansa.

Yau irin waɗannan wasanni sun ƙaru, sun sauko daga kwamfutar ofis zuwa wayar hannu, kuma sun iso gida. Ana iya zama shugaban Najeriya a Democracy 3: Africa, ana iya riƙe Kano ko Katsina ko Zazzau a Europa Universalis IV, ana iya jagorantar Sakkwato a Victoria 3. Mafi yawansu da kalma ɗaya ake tallata su: kamar gaske. A ƙasar da matasa 'yan shekara 18 zuwa 34 suka kai kusan kashi 40 cikin 100 na masu rajistar zaɓen 2023, kuma dokar 2018 ta sauko da shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, ya dace a tambayi irin darasin mulkin da ake ɗauka daga allo, da wanda ya rubuta shi.

Alƙaluman da ake jingina da su

Hujjar farko da kamfanonin ke kafawa ita ce yawan bayanai. Kamfanin Eversim na Faransa yana tallata Power & Revolution da cewa ana iya mulkin ƙasashe 175 a cikinsa, kowacce da yawan jama'arta, da kasafin kuɗinta, da bashin da ke kanta. Mai wasa ya ga lamba har da ɗigo da 'yan kai, sai zuciyarsa ta natsu cewa an yi bincike.

Duk wanda ya taɓa bin diddigin alƙaluman Najeriya ya san wannan natsuwa ba ta da tushe mai ƙarfi. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta ne a 2006, ta ba da mutum miliyan 140 da ɗoriya, kuma wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Duk adadin da ake ambata yau ƙiyasi ne da aka ɗora a kan waccan ƙidaya, wadda ita kanta an yi ta jayayya a kanta. A Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta shekarar da take ɗora lissafin tattalin arziki a kanta, sai jimillar arzikin ƙasar ta tashi zuwa kusan dala biliyan 510, ƙarin kusan kashi 89 cikin 100 a dare ɗaya, ba tare da an buɗe sabuwar masana'anta ko ɗaya ba. Ghana ta ga makamancin haka a 2010, lokacin da nata lissafin ya ƙaru da kusan kashi 60.

Rashin aikin yi ma haka. A ƙarshen 2020 hukumar ta ce ya kai kashi 33.3. Da aka sauya hanyar aunawa, aka fara ƙirga duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako cikin masu aiki, sai na farkon 2023 ya zama kashi 4.1. Hauhawar farashi ta kasance kashi 34.80 a Disambar 2024, ta koma 24.48 a Janairun 2025 bayan sabunta ma'auni, alhali farashin kwanon masara a Dawanau bai san an yi sauyin ba.

Saboda haka idan mai ƙirƙira wasa a Faransa ko Ingila ya ce ya sa sahihan alƙaluman Najeriya, tambayar ita ce: waɗanne daga ciki? Najeriya mai rashin aikin yi kashi 33 da mai kashi 4 ƙasashe biyu ne daban a idon kwamfuta, kuma shawarar da za ta kai mai wasa ga nasara a ɗaya za ta kayar da shi a ɗayar.

Dokar da ke ƙarƙashin allo

Lamba dai ana ganinta, ana iya musanta ta. Abin da ya fi ta nauyi shi ne ƙa'idar da ke haɗa lamba da lamba: idan an ƙara haraji me zai faru, idan an ƙara 'yan sanda me zai ragu. Wannan ƙa'ida mutum ne ya zauna ya rubuta ta, kuma yana da makarantar tunanin da ya fito daga cikinta.

Will Wright, wanda ya ƙirƙiri SimCity, ya sha bayyana cewa ya amfana da aikin Jay Forrester, malami a jami'ar MIT, wanda ya wallafa littafin Urban Dynamics a 1969. Forrester ya gina birni na lissafi a kwamfuta, kuma sakamakon da ya fitar ya tayar da ƙura: cewa gina wa talakawa gidaje masu rahusa yana ƙara durƙusar da birni, kuma rushe unguwannin marasa galihu domin buɗe wa kasuwanci fili ya fi amfani. Masana da dama sun soki aikin da cewa sakamakon ya fito ne daga zace-zacen da aka zuba masa tun farko. Duk da haka, salon tunanin ya shiga gidajen miliyoyin mutane a rigar wasa. A SimCity, haraji mai yawa yana korar mazauna, ofishin 'yan sanda yana rage laifi a kewayensa, darajar fili ita ce alamar lafiyar unguwa. Yaro ba ya karanta waɗannan a matsayin ra'ayi. Yana gano su ne da hannunsa bayan ya faɗi sau uku ko huɗu, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama masa a rai fiye da abin da aka faɗa masa.

Paul Starr, masanin zamantakewa da ya yi aiki a fadar White House kan shirin lafiya na Shugaba Clinton, ya yi gargaɗi kan haka a wata maƙala a mujallar The American Prospect a 1994. Damuwarsa ita ce mai wasa yakan karɓi dokokin da ba ya gani a matsayin yadda duniya take, kuma ya lura cewa manyan jami'an gwamnati ma haka suke yi da lissafin ofishin kasafin kuɗi na majalisar dokokin Amurka. Daga baya, a 2007, Ian Bogost ya faɗaɗa wannan fahimta: wasa yana jan ra'ayi ta hanyar abin da ya halatta, da abin da ya hana, da abin da ya saka wa da lada.

Misali mai ban dariya ya faru bayan fitowar Victoria 3 na kamfanin Paradox na Suwidin a Oktoban 2022. 'Yan wasa da dama sun yi ta ƙorafin cewa tsarin gurguzu, inda ma'aikata ke mallakar masana'antu, ya fi kowane tsari ƙarfi a wasan, domin riba tana komawa hannun masu saye da yawa, kasuwa kuma ta bunƙasa. Wasu suka ce shaida ce, wasu suka ce son kai ne. Duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure iri ɗaya. Wasan bai tabbatar da komai game da Karl Marx ba, abin da ya nuna shi ne abin da ke fitowa daga ƙa'idojin da ma'aikatan Paradox suka rubuta. Da sun sauya 'yan lambobi, da jari-hujja ce za ta yi fice.

Akwai kuma tambayar da ta fi kowacce ɓoyuwa: mene ne nasara? A jerin wasannin Democracy, a sake zaɓen ka. A Balance of Power na Chris Crawford, wanda ya fito a 1985 lokacin yaƙin cacar baka, ka tara wa ƙasarka martaba ba tare da ka jawo yaƙin nukiliya ba. A PeaceMaker na 2007, kan rikicin Isra'ila da Falasɗinu, hanyar cin wasa ita ce kafa ƙasashe biyu. Wanda ya zaɓi inda za a kafa raga ya riga ya yi rabin siyasar kafin a busa usur.

Najeriya ba tare da taswira ba

Democracy 3: Africa ya fito a 2016 daga kamfanin Positech na Cliff Harris a Ingila, da ƙasashe goma, ciki har da Najeriya da Ghana da Senegal da Kenya da Masar. Tsarinsa yana da wayo. Kowane mai zaɓe yana cikin rukunoni da yawa a lokaci guda, yana iya zama mai addini, mazaunin karkara, kuma talaka, saboda haka manufa ɗaya tana iya faranta masa ta wani gefe ta ɓata masa ta wani. Kowane zagaye wata uku ne. Shugaba yana kashe abin da wasan ya kira jarin siyasa, wanda ministocinsa ke samar masa, domin sauya doka ko haraji. Idan ya fusata wani rukuni ƙwarai, ana iya yunƙurin hallaka shi.

Sai dai wasan ba shi da taswira. Babu jihohi, babu gwamnoni, babu shiyyoyi. Ana tara ƙuri'un ƙasa wuri ɗaya, wanda ya fi yawa ya ci. A Najeriya kuwa taswira ita ce zuciyar zaɓe. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa bayan rinjayen ƙuri'u, sai ɗan takara ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi da Babban Birnin Tarayya. Wannan sharaɗi ne ke tilasta ƙawance tsakanin Arewa da Kudu, shi ke sa a auna yanki da addinin mataimaki kafin a auna manufarsa.

Sau biyu wannan lissafi yana kai ƙasar gaban Kotun Ƙoli kan ma'anar jimla ɗaya. A 1979 jihohi 19 ne, kuma Alhaji Shehu Shagari ya samu kashi 25 a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano ya yi rinjaye, ya tsaya a kashi 19.94. Lauya Richard Akinjide ya kafa hujjar cewa kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, don haka abin da ake buƙata a jiha ta goma sha uku bai wuce kashi ɗaya cikin shida na ƙuri'unta ba. Kotu ta amince, ta kori ƙarar Cif Obafemi Awolowo. A 2023 kuma Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a 8,794,726 ba tare da samun kashi 25 a Abuja ba, sai da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 26 ga Oktoba cewa Abuja ba ta da wani matsayi na musamman a lissafin. Wasan da bai san Kano ba, bai san Abuja ba, ba zai iya nuna yadda aka samu shugaba a waɗannan zaɓuka biyu ba.

Giɓi na biyu ya fi wannan faɗi. A allo, shugaba ya ja maɓalli, bayan 'yan zagaye manufa ta tabbata. A ƙasa, tsakanin sanarwa da aiwatarwa akwai dogon daji. Sauya fasalin naira da Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022 ya yi kyau a takarda: a dawo da kuɗi bankuna, a rage sayen ƙuri'a, a toshe hanyar kuɗin fansa. A Fabrairun 2023 mutane na kwana a layin na'urar cire kuɗi, masu POS na sayar da naira da naira, 'yan kasuwar ƙauye da ba su da asusun banki na karyar da kayansu. Gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara, dukansu 'yan jam'iyya mai mulki, suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, kotun kuma ta ba da umarni a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Ƙarfin injin buga kuɗi, da nisan ƙauye daga reshen banki, da gwamnan da ke lissafin zaɓen da ke tafe, su ne suka yanke hukuncin manufar, kuma babu ɗayansu da ke da maɓalli.

Haka rikicin Nijar. Bayan sojoji sun hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, lissafin ƙarfi da ƙarfi ya nuna ECOWAS ce a sama: Najeriya ta fi sojoji, ta fi kuɗi, ita ke ba Nijar kaso mai yawa na wutar lantarki. Wasan dabarun yaƙi zai ce a danna. Amma jihohin Najeriya bakwai ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi zuwa Borno, kuma mutanen Katsina da Maraɗi, ko na Daura da Damagaram, dangi ne na jini da aure da kasuwa. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi. Waɗanda suka samu ganin Janar Abdourahamane Tiani a farkon rikicin, lokacin da aka hana manyan jakadu, sun haɗa da Muhammadu Sanusi II da tawagar malaman addini. Kunya, da zumunci, da girman rawani ba sa shiga jadawali cikin sauƙi, amma sun taka rawa wajen hana yaƙi.

Wa ya zana Sakkwato?

Gwamnatoci sun daɗe da gane cewa taswirar wasa magana ce ta siyasa. China ta haramta Hearts of Iron a 2004 saboda ya nuna Tibet da Manchuria da Xinjiang a matsayin ƙasashe masu cin gashin kansu. A Agustan 2014, watanni kaɗan bayan juyin mulki, hukumomin Thailand sun hana sayar da Tropico 5, wasan barkwanci da mai wasa ke zama ɗan kama-karya a wani tsibiri, yana murɗe zaɓe yana tura kuɗi asusun Suwizalan.

Ƙasar Hausa ma ta shiga wannan zane. A Victoria II na 2010, Sakkwato na cikin rukunin ƙasashen da wasan ya kira marasa wayewa, waɗanda sai sun kwaikwayi Turai kafin su samu cikakken iko a wasan. Wasan yana farawa ne a 1836, lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke kan mulki, mutumin da ya bar rubuce-rubuce masu yawa kan shari'a da tarihi da tafiyar da al'umma, a daular da ke da waziri da alƙalai da wasiƙun hukuma tsakanin masarautu. Kalmar ta fito ne daga bakin 'yan mulkin mallakan ƙarni na 19, wasan kuma ya mayar da ita doka. A Victoria 3 an sauya ta zuwa ƙasashen da manyan dauloli ba su amince da su ba, wanda ya mayar da matsalar kan idon Turawa maimakon kan mutanen da ake kallo. Gyara ne mai ma'ana, kuma ya zo bayan shekaru ana suka.

A Crusader Kings III na 2020, Daurama ta Daura tana cikin sarakunan da wasan ke ba da shawarar a fara da su a shekarar 867. A Civilization VII na 2025, Sarauniya Amina ta Zazzau na cikin shugabannin da ake zaɓa. Abin alfahari ne matashi a Brazil ko Koriya ya fara jin sunan Daura ta wannan hanya. Amma labarin Daurama da Bayajidda ya zo ne ta tarihin baka, wanda bai ƙayyade shekara ba, wasan kuwa ya ba ta shekara da maki na iya yaƙi da iya mulki, ya kuma jera ƙasarta a kan matakalar sarautu irin ta Turai. Amina ta fito ba tare da al'ummar Hausa a jerin al'ummomin wasan ba lokacin da ya fito, sai dai ta jagoranci wasu, kamar Aksum ko Songhai. Kwamfuta ba ta iya cewa wataƙila. Inda masana tarihi ke taka-tsantsan, ita sai ta sa lamba, lambar kuma ta fi saurin yaɗuwa fiye da littafin malami.

Inda ƙage ya fi kusa da gaskiya

Abin lura shi ne wasannin da suka fi kama ainihin ɗanɗanon mulki sau da yawa su ne waɗanda ba su yi da'awar wata ƙasa ta gaske ba. A Suzerain, wanda kamfanin Torpor Games na Berlin ya fitar a Disambar 2020, mai wasa yana zama Anton Rayne, shugaban wata ƙasar ƙage mai suna Sordland. Yana son gyara kundin tsarin mulki, amma sai ya nemo rinjaye a majalisa, ya kuma shawo kan alƙalan kotun ƙoli. Attajirai na kawo masa tayi a asirce, mataimakinsa aminin ƙuruciya ne mai jawo abin kunya, janar-janar na sauraro, alƙawarin da ya ɗauka lokacin kamfe yana jiran sa a gaba. Babu lamba ko ɗaya ta Najeriya a ciki, amma wanda ya bi yadda gyaran kundin tsarin mulki ke maƙalewa tsakanin Majalisar Tarayya da majalisun jihohi zai gane ƙamshin miyar.

Rebel Inc. na kamfanin Ndemic Creations, wanda ya fito a wayoyi a ƙarshen 2018 kuma aka gina shi bisa darussan Afghanistan, yana koyar da abin da mazauna Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma suka sani a jikinsu. Idan aka kori 'yan tawaye daga yanki ba tare da toshe hanya ba, sai su ɓulla a na kusa. Idan aka zuba kuɗin ayyuka da gaggawa, farashi ya tashi, cin hanci ya ƙaru, amincewar jama'a ta zube. Duk da haka, a wasan ana iya cin nasara idan an bi matakan daidai. A Afghanistan ta gaske, Kabul ta faɗa hannun Taliban a ranar 15 ga Agustan 2021, bayan shekara ashirin ana gwada matakan.

Hujjar masu ƙirƙira

Masu yin wasannin suna da amsa, kuma ba ta wasa ba ce. Taswirar da ta kai girman gari ba ta da amfani ga matafiyi, dole a rage. Stone Librande, jagoran tsara SimCity na 2013, ya bayyana cewa da suka auna girman filayen ajiye motoci a biranen Amurka, sun ga idan suka sa su yadda suke wasan zai zama abin gundura, sai suka ɗauka kamar motocin na ƙarƙashin ƙasa. Kamfani kaya yake sayarwa, kuma ba mai sayen wasan da zai shafe wata shida yana jiran fayil ya fito daga ofishin babban sakatare.

Kuma akwai darasin da waɗannan wasanni ke koyarwa fiye da jawabin kamfe: komai yana da farashi, kuma zafi yakan riga amfani isowa. Wanda ya taɓa cire wani tallafi a Democracy ya ga farin jininsa ya faɗi tun kafin baitulmali ya farfaɗo, ba zai yi mamakin Janairun 2012 ba, lokacin da litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta tilasta mayar da ita 97. Ba zai yi mamakin abin da ya biyo bayan 29 ga Mayun 2023 ba, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a jihohin Arewa cikin kwanaki. Positech kuma ya yi abin a yaba: ƙa'idojin lissafin wasan suna cikin fayilolin da kowa zai iya buɗewa ya karanta ya sauya. Wanda bai yarda da yadda aka haɗa haraji da rashin aikin yi ba yana iya gyarawa ya ga abin da zai fito.

Akwai ma shaidar cewa wasa na sauya tunani. Masu bincike a Jami'ar Cambridge sun gwada wasan Bad News, inda mai wasa ke koyon dabarun yaɗa labaran ƙarya, a kan mutum kusan 15,000, kuma sakamakon da suka wallafa a 2019 ya nuna raguwar yarda da irin waɗannan labarai bayan wasan. Wannan hujja kaifi biyu gare ta. Abin da ke iya koyar da daidai cikin minti goma sha biyar yana iya koyar da kuskure cikin awa ɗari.

Manya ma suna wasan

Batun ya wuce nishaɗin matasa, domin gwamnatoci ma da irin wannan lissafi suke yanke shawara. A 2002 rundunar sojan Amurka ta kashe kusan dala miliyan 250 a wani atisayen gwaji mai suna Millennium Challenge. Laftanar Janar Paul Van Riper mai ritaya, wanda aka ba jagorancin abokan gaba, ya yi amfani da 'yan aike a kan babura da ƙananan jiragen ruwa, ya nutsar da jiragen yaƙi 16 a lissafin kwamfuta cikin kwanakin farko. Sai aka dakatar, aka dawo da jiragen, aka ɗaure masa hannu da sababbin dokoki. Ya ajiye jagorancin yana ƙorafin cewa an tsara sakamakon tun farko. A Maris na 2003 Amurka ta mamaye Iraƙi.

A fagen tattalin arziki, wata maƙalar Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff ta 2010 ta nuna cewa bunƙasa na durƙushewa idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na arzikinta, kuma masu goyon bayan tsuke bakin aljihu a Turai da Amurka sun yi ta kafa hujja da ita. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya nemi jadawalin Excel ɗin da suka yi aiki da shi, ya gano an tsallake wasu ƙasashe a lissafin. Da shi da malamansa suka gyara wannan da wasu matsalolin, matsakaicin bunƙasar ya koma kashi 2.2 maimakon ƙasa da sifili. Abin da ya tona kuskuren shi ne buɗe fayil.

Nan ne amfanin waɗannan wasanni yake ga matashin da ke bin siyasa, in ya shige su da ido biyu. Tambayoyin da ya kamata ya yi wa wasa su ne waɗanda ya kamata ya yi wa kasafin kuɗin da aka ɗora a kan hasashen farashin ɗanyen mai, da alƙawarin ɗan takara na samar da ayyuka miliyan kaza, da rahoton masu ba da bashi. Daga ina lambar ta fito, kuma da wane ma'auni? Wa ya rubuta ƙa'idar da ta ce wannan ne ke haifar da wancan? Wa aka bari a waje? Wa ya ce wannan ita ce nasara? Za a bari a ga fayil ɗin?

Wasan da zai kama siyasar Najeriya sai ya san wakilan zaɓen fid da gwani da abin da ke shiga aljihunsu, ya san uban gida, da kason wata-wata daga asusun tarayya, da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, da kotun sauraren ƙararrakin zaɓe, da zaɓen shugaban ƙasa da kashi 27 kacal na masu rajista suka fito, kamar na 2023. Waɗanda suka san waɗannan abubuwa ciki da bai suna Kano da Kaduna da Legas da Fatakwal, kuma da yawansu sun iya rubuta manhaja. Idan suka gina nasu, shi ma zai ɗauki ra'ayin masu shi, kuma shi ma sai a nemi su buɗe fayil ɗin.